Allon Rashid

Adireshin da Ɗanjuma ya ba ni a Largo, wani gari kusa da Washington, babu shi. Titin yana nan, amma lambobin gidajen sun ƙare tun kafin a kai wadda ke hannuna, inda ya kamata gidan ya kasance kuwa wurin wankin mota ne. Na yi ta kiransa da wayar direban tasin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, ba a ɗauka ba. Shi ne mutumin da ya karɓi kuɗina tun a gida da alkawarin ɗaki da aiki a Amurka. Har yau ban sake jin muryarsa ba.

Ranar Juma'a ce. Direban, wani Bahabashe, ya dube ni ya dubi jakata, ya ce shi dai masallaci kaɗai ya san zai kai ni. Bayan an sallame mutane suka watse, na zauna a bakin matakala ina rawar sanyi cikin 'yar rigata ta Yelwa. Can na ji wani dattijo yana waya da Hausa, wata irin Hausa mai lanƙwasa wadda ban saba ji ba. Na miƙe na bi shi har gindin motarsa, na yi sallama.

Sunansa Alhaji Isa, mutumin Accra ne, direban tasi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya buɗe bayan mota ya ce, “Sa kayanka. Ka ci abinci tukuna, sauran magana daga baya.”

Zangona na farko ke nan, ɗakin ƙasa na gidan Alhaji, kusa da gareji. Matarsa Hajiya Memuna, wadda ke aikin kula da tsofaffi a gidajen unguwar Mitchellville, ta ajiye mini kwanon shinkafa da wake da baƙin yaji irin nasu na Ghana, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Tun daga ranar nake kiranta Mama, shi kuma Baba. Ɗansu ɗaya ne, Rashid, lokacin bai gama firamare ba. Kana yi masa Hausa yana ji sarai, amma amsa sai da Turanci. Ankul Umar yake ce mini.

Aikin da na fara samu gadin wurin ajiye motoci ne a Southwest Washington, tsakanin manyan gine-ginen gwamnati. Ina tsaye cikin wani ɗan akurki, ma'aikata na wucewa da kofin kofi ba mai duban fuskata. Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne ruwa. Idan lokacin hutu ya yi sai in gangara bakin kogi in tsaya. Ni ɗan bakin kogin Kwara ne, a Yelwa ta Yawuri aka haife ni, kafin in iya karatun allo na iya iyo. Wannan kogin ba ya warin kifi da hayaƙi irin namu, ba kwale-kwale, ba mata masu wanki, amma dai ruwa ne, yana tafiya.

A shekarata ta uku mahaifiyata ta rasu, takarduna ba su fito ba, ba halin zuwa. Na kwanta a ɗakin ƙasa na juya wa bango fuska. Mama ta kira matan unguwa, 'yan Ghana da 'yan Nijar da namu na Najeriya, suka yi girki, aka taru a falonta aka yi wa matar da ba su taɓa gani ba addu'a. Ita ta zauna tana karɓar gaisuwa kamar 'yar'uwarta ce ta rasu.

Daga baya takardu suka fito, na samu aikin tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti, na kama ɗakina ba nisa da su. Amma duk Asabar ina gidan. Ni ke kai Rashid wurin koyon iyo, domin Baba kullum yana kan hanya. Yaron ya kamu da son ruwa fiye da yadda muka zata. Yana shiga sakandare ya fara bin abokansa bakin teku, ya koyi hawan igiyar ruwa a kan allo. Kafin ya shiga jami'a gareji ya cika da alluna. Na ƙarshe da ya saya daban ne: gajere, mai kauri, a ƙarƙashinsa an ɗaura wata doguwar ƙafa ta ƙarfe, a ƙarshen ƙafar kuma fiffike kamar na jirgin sama. Foyil suke ce masa. Ya ce idan igiyar ruwa ta tura ka, fiffiken ne ke ɗaga allon sama, kai kana tafiya a iska shi yana yanka ruwa a ƙasa. Baba ya yi dariya ya ce, “Wannan ai tatsuniya ne.” Rashid ya ce ya zo ya gani da idonsa. Baba ya ce sai ya samu hutu.

Bai samu ba. Cikin sanyin shekarar, Rashid yana dawowa daga makaranta, wata babbar mota ta zame a kan ƙanƙara ta haɗa da tasa. Ni na shiga na yi masa wanka tare da liman, domin Baba ya kasa tsayuwa.

Abokansa suka kwashe sauran allunan. Foyil ɗin kaɗai Mama ta hana. Ta kai shi ɗakinsa ta jingine, ta ja ƙofa. Ba ta shiga, ba ta kuma yarda a taɓa komai. Gareji ma ta daina leƙawa, ta ƙofar gaba take shiga da fita.

Da zafi ya shigo, wata rana Baba ya zo ya same ni a wurin aiki. Muka zauna cikin motarsa, yana murza sitiyari ya fara magana.

“Umaru, kai ka iya ruwa.”

“Na iya na kogi, Baba.”

“Ina so in ga abin nan ya tashi. Sau nawa yaron nan ya ce in zo, ina cewa gobe.” Ya share fuskarsa da tafin hannu. “Ni ko kwatami ban iya shiga ba. Kai za ka hau mini.”

Na ce, “Mama fa?”

“Tana kwana wurin aiki Asabar da Lahadi. Mu ɗauka, mu mayar kafin ta dawo.”

Zuciyata ba ta kwanta da ɓoyon ba. Amma mutumin da ya buɗe mini bayan motarsa ranar da ba ni da kowa ne yake roƙona, idanunsa a ƙasa. Na ce to.

Hanyar teku doguwa ce. Sai ka haye wata gada da ba ka ganin ƙarshenta, ka ratsa gonakin masara da gidajen kaji, kafin iska ta fara ɗanɗanon gishiri. Ranar farko muna sauke allon a bakin ruwa kusa da garin Ocean City, wata Baturiya mai furfura, fatarta duk rana ta ƙone, ta taho da sauri tana murmushi. Ta ce ai wannan allon Rashid ne, ina ya shiga tun bara? Baba ya faɗa mata. Ta zauna daɓas a kan yashi, ta rufe bakinta da hannu biyu. Sunanta Karol, tsohuwar ma'aikaciyar kashe gobara ce. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba zan taɓa foyil ba sai na iya tsayuwa a kan allo na gama-gari, domin fiffiken nan yana yanka kamar wuƙa. Ta ara mini nata dogon allo da hular kwano.

Teku ba kogi ba ne. Kwara tana da gaba da baya, ka san inda ta nufa. Shi kuwa teku ya ɗaga ka ya maka da ƙasa, kana miƙewa ya sake. Na sha ruwan gishiri har maƙogwarona ya yi ɗaci. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba da carbi da fulas na shayi, duk faɗuwar da na yi sai ya ɗaga hannu ya ce, “Saura kaɗan!” ko da kuwa ban ma kai ga miƙewa ba. Sai da zafi ya yi nisa Karol ta yarda na koma kan allon Rashid. Ta ja mini kunne: kada in kuskura in bi igiya har gaɓa, domin ƙafar doguwa ce, tana taɓa ƙasa tun kana ganin ruwa da zurfi.

Ranar da abin ya faru Karol ba ta zo ba. Ruwa yana janyewa, ban lura ba. Wata 'yar igiya ta ɗauke ni, na miƙe, na ji allon yana sauƙi a ƙarƙashin ƙafata kamar zai rabu da ruwa. Daɗi ya ɗebe ni, na manta da gaɓa. Sai ji na yi ƙau! Fiffiken ya daki tudun yashi, allon ya tsaya cak, ni na wuce. Da na ɗago, na gan shi a kife, ƙafar ƙarfen ta karkace. Inda aka ɗaura ta ya yage, farin soson da ke cikin allon ya fito fili, ruwa na shiga.

Baba ya shigo ruwa da wandonsa da takalminsa, shi da bai taɓa yarda ruwa ya wuce idon sawunsa ba. Ya kama kafaɗata.

“Ka ji ciwo?”

“A'a, Baba. Allon...”

Ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya rungume a ƙirji, ya fita da shi a hankali kamar mai ɗauke da majinyaci. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

A bakin hanya akwai wani shago da aka rataye tsofaffin alluna a gabansa. Mai shagon ya duba, ya yi fito, ya ce wannan ƙaramin abu ne, mu dawo mako mai zuwa za mu same shi kamar sabo. Da muka koma kuwa yana ta sheƙi, an shafe wurin sumul an fesa shuɗin fenti, sai wani wari mai hawa kai. Muka yi godiya muka biya. Sai da muka iso gida ina sauke shi na ji ya fi da nauyi. Na danna wurin gyaran da babban yatsa, yatsan ya nutse.

Na kira Karol na kwatanta mata. Ta zagi mutumin da kalmar da ba zan maimaita ba. Ta ce bai bari allon ya bushe ba, ya rufe ruwan a ciki, kuma gam ɗin da ya sa ba na irin wannan soso ba ne, cinye shi yake kamar yadda ruwan zafi ke cinye sukari. Ta ce ko dai mu buɗe shi yanzu ko ya ruɓe gaba ɗaya. Ta aiko mana da gam na gaskiya, mai ruwa biyu da ake haɗawa, da farin ƙyallen faiba mai zaren gilashi, da guntun soso mai tauri, da sabon mazaunin ƙafar ƙarfen, ta yi mini bayani dalla-dalla a waya.

Ni na sa wuƙa. Baba ya riƙe allon a kan tebur a gareji, ya kau da kai. Na yanke duk abin da mutumin ya shafa, na ƙwaƙule soson da ya narke, wani ruwa mai yauƙi ya biyo hannuna. Ramin da ya rage ya fi tafin hannuna biyu. Muka wanke gishirin da ruwan famfo, muka kife shi a inuwa ya tsane, muka lulluɓe da tsohon zanen gado. Kullum Baba sai ya sauko ya sa takarda a ramin ya ga ko da sauran danshi.

Da ya bushe, wata Asabar da hantsi muka fara goge gefen ramin da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ba mu san 'ya'yan tsohuwar da Mama ke kula da ita sun zo ziyara sun sallame ta da wuri ba. Ta shigo ta gaba, ta kwanta a falo, falon kuwa a saman garejin yake. Ina cikin gugar, shaf, shaf, shaf, sai na ji gudu a kan matakala. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Mama ce, ba takalmi, ɗankwalinta a hannu, fuskarta da wani haske da rabona da ganinsa tun kafin rasuwar.

Ta dube ni. Ta dubi Baba. Hasken ya mutu a gabanmu.

“Na ji ƙarar,” ta ce a hankali. “Na ɗauka...”

Irin ƙarar da take ji ke nan idan Rashid yana gyaran allunansa a gareji. Idonta ya sauka kan allon da ramin da ke cikinsa. Ta matso, ta miƙa hannu, ta fasa taɓawa.

“Wa ya ba ku?”

Na durƙusa. “Mama, ni na fasa shi.”

“Ba kai na tambaya ba. Alhaji, wa ya ba ka?”

Baba ya ce, “Memuna, kira na ya yi ta yi in je in gani, ban je ba. Ke kin san ban je ba.”

“Shi ne ka shiga ɗakinsa a bayan idona.”

Ta juya ta hau sama. Muka ji ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba, wanda ya fi zafi.

Makon nan ban iya cin abincin kirki ba. Baba ya ce ba ta yi masa magana sai gaisuwa. Sai in ɗauki waya in kira ta, in ajiye. Ina tunanin matar da ta zauna karɓar gaisuwar mahaifiyata, ga abin da na saka mata da shi. Ranar Juma'a da yamma sai ga kiranta. Ba ta amsa gaisuwata har ƙarshe ba ta ce, “Gobe ba ni da aiki, ka zo da safe. Kada ka karya a gida.”

Na same ta a gareji, ta ɗaura zani a kan doguwar riga, ta buɗe babbar ƙofa iska na shiga. A kan tebur ta jera ƙananan kofunan roba, da ɗan sikelin da take auna fulawa, da safar hannu. Baba yana tsaye a gefe kamar ɗalibin da aka kora aka dawo da shi.

“Sha kokonka,” ta ce. Na sha. Ta ja allon gabanta, ta nuna wani wuri kusa da hancinsa inda launin ya ɗan bambanta. Ban taɓa lura da shi ba.

“Ka ga nan? Satin da ya saye shi ya buga shi da dutse. Ya zo yana kumbure-kumbure kamar zai yi kuka, ƙaton saurayi. Ni na dama masa gam ɗin, shi kuwa kullum sai ya zuba ɗaya ya fi ɗaya.” Ta shafa wurin. “Ya ce kada in faɗa wa babansa.”

Baba ya ɗago. “Ashe ku ma kun ɓoye mini.”

“Mun ɓoye,” ta ce. Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai hawaye suka riga. Ta bar su suna zuba, ta sa safar hannu.

Haka muka yi aikin mu uku. Na yanka sabon soson daidai ramin, na fafe masa gurbin mazaunin ƙafa. Mama ta auna ruwan gam biyun, ta dama a hankali kada ya yi kumfa. Baba ya yanka ƙyallen faiba da almakashin ɗinkinta, ta yi masa faɗa, ya ci gaba. Muka shimfiɗa ƙyallen falle bisa falle, kowanne ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, ina shafa gam har farin ƙyallen ya koma kamar gilashi. Tana aiki tana ba mu labarinsa: yadda yake satar mata tawul, yadda yake cika mata injin wanki da yashi. Rabon da a ambaci sunansa da ƙarfi a gidan tun ranar sadakar bakwai.

Da muka juya allon, na ga wani ɗan lotsawa a samansa, na ce bari in cike shi da sauran gam ɗin. Ta riƙe hannuna.

“Bar shi. Diddigensa ne.”

Sai da ya kwana biyu ya yi tauri, na goge shi sumul. Na tambaya ko in nemo fenti. Ta ce a'a, a bar tabon yadda yake. Sannan tana wanke kofuna, ba ta ko juyo ba, ta ce, “Ranar da za ku koma, ku faɗa mini in nemi hutu.”

Muka koma cikin kaka, mutane sun ragu a bakin ruwa, iska ta fara sanyi. Mama ta zauna a bayan mota da kuloli. Karol tana jiranmu. Da aka ce mata ga mahaifiyar Rashid, ta rasa abin yi da hannuwanta, Mama ce ta jawo ta ta rungume. Suka daɗe a haka, ɗaya da hijabi ɗaya da rigar roba.

Karol ta danna gyaran da yatsa, ta girgiza ƙafar ƙarfen, ta gyaɗa kai. Wannan karon na tura allon a kife har ruwa ya kai mini ƙirji kafin in juya shi. Na faɗi, na sake faɗi. Hannuwana suka gaji. Can wata igiya mai laushi ta taso, Karol ta daka mini tsawa daga bayana, na yi iyo da duk ƙarfina, na miƙe, na danna ƙafar gaba kamar yadda ta koya mini. Allon ya daina bugun ruwa. Ya tashi. Duk hayaniyar teku ta ɗauke, ba abin da nake ji sai wani siririn fito daga ƙarƙashina, ruwa yana wucewa can ƙasa kamar ba ruwana da shi. Ban san iya daɗewar da na yi ba, ba ta da yawa. Da na hango gaɓa na matsowa, na faɗa gefe da kaina, na bar allon a ruwa mai zurfi.

Na fito ina haki. Mama tana tsaye a cikin ruwa har ƙwauri, bakin zaninta ya jiƙe sharkaf, ba ta ma sani ba.

“Umaru,” ta ce. “Gaskiya ne idan ya tashi komai yana yin shiru?”

“Gaskiya ne, Mama.”

Ta gyaɗa kai, tana kallon teku. “Ya faɗa mini. Na ce masa ƙarya yake.”

Muka tsaya. Igiya ta zo ta daki ƙafafunmu ta koma. Sai ta waiwaya wajen Baba, na bi ta da kallo. Yana tsaye a gaban kujerarsa, tabarau a hannu, yana ta gogewa da bakin riga, kafaɗunsa na rawa.

“Dube shi,” ta ce. “Tun da ka miƙe ya fara kuka, gilashin ya yi hazo, ya cire yana gogewa har ka sauka.” Ta share nata idon da gefen hijabi, ta tura ni da hannu. “Koma. Alhaji bai gani ba.”

Na juya allon, na koma cikin ruwa.